Yadda filin tanis ya koma ɗakin majinyata: kulob ɗin Heliyofolis a yaƙin Galifoli

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Alkahira ya nufi cikin gari, da wuya a ce bai ratsa ta unguwar Misral Jadida ba, wadda Turawa ke kira Heliyofolis. Ɗalibanmu na Azhar da 'yan kasuwa da masu zuwa neman magani duk sun san ta. A cikin unguwar, daura da fadar shugaban ƙasa ta Ittihadiyya, akwai wani tsohon kulob na wasanni da aka kafa tun 1910, inda har gobe masu hali ke kai 'ya'yansu iyo da tanis da sikwash. A tsakiyar shekarar 1915 kuwa, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ostireliya ne kwance reras a kan filayen tanis ɗin, ƙarƙashin rumfuna, wasu da raunin harsashi, wasu kuma atini ya tsotse su sai fata da ƙashi. A takardun soja, sunan wurin Asibitin Taimako na 3.

Me ya kai daular Ingila, wadda Ostireliya ke cikinta, kuma ta fi kowace faɗi a duniyar wancan zamani, ga kwantar da sojojinta a filin wasa? Mutum zai so ya ce dabara ce, kuma lallai akwai dabara a ciki. Amma ni a ganina, kulob ɗin nan shaida ne na lissafin da manyan hafsoshi suka ƙi yi a kan lokaci. Likitoci da nas-nas ne aka bari da toshe ɓarakar.

Sai an san unguwar kafin a gane dalilin zaɓenta. A 1905 wani attajiri ɗan ƙasar Beljiyam, Baron Edouard Empain, tare da abokin hulɗarsa Boghos Nubar Basha, suka sayi hamada mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25 a arewa maso gabashin Alkahira, kamar kilomita 10 daga tsakiyar birni, a kan fam ɗaya na Masar kowane faddan, wato kamar eka guda. Rairayi ne zalla. Kamfaninsu ya ja ruwan famfo, ya kai lantarki, ya fitar da manyan tituna, ya shimfiɗa layin taragon lantarki har cikin gari. Don su jawo Turawa da manyan attajirai, sai suka cika sabon garin da wuraren shaƙatawa. Ga filin sukuwa, ga gidan wasan yara da manya mai suna Luna Park, ga kulob ɗin wasanni, sannan ga uwa uba katafaren otal na Heliopolis Palace mai ɗakuna wajen 400, wanda aka buɗe a 1910. Wannan otal shi ne fadar Ittihadiyya ta yau. Duk abin da aka tanada don jin daɗin masu kuɗi, ruwa ne, wuta ce, iska mai kyau ce, hanyar sufuri ce, shi ne daidai abin da asibiti ke nema. Empain bai san asibiti yake ginawa ba.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Masar tana hannun Ingila tun 1882, ko da yake a kan takarda yanki ce ta Daular Usmaniyya. Ta Turkiyya ake nufi a nan, mai hedkwata a Istanbul, kada a haɗa ta da tamu ta Sakkwato. Turkiyya ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus, sai Ingila ta kafa dokar soja a Masar a watan Nuwamba, a Disamba kuma ta tuɓe sarkin ƙasar, Khidiwi Abbas Hilmi, ta naɗa baffansa Husaini Kamil da sunan Sultan, ta ce ƙasar ta koma ƙarƙashin kariyarta. A daidai lokacin ne ayarin farko na sojojin Ostireliya da Niyuzilan, da suka taso da niyyar zuwa Turai, aka sauke su a Masar don su yi atisaye, su kuma tsare mashigin Suwez. A Janairun 1915 Babban Asibitin Ostireliya na 1 ya iso, aka ba shi otal ɗin Heliyofolis, wanda dama yaƙi ya kore masa baƙi. Ma'aikatansa da kayan aikinsa na gado 520 ne. A riƙe wannan adadin.

Sai maganar Galifoli ta taso, wani zirin ƙasa na Turkiyya a bakin mashigin ruwa na Dardanel, inda aka yi yaƙin da Turkawa ke kira na Canakkale. Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwa a lokacin, yana cikin manyan masu tura shawarar a fasa mashigin Dardanel a kai ga Istanbul, a fitar da Turkiyya daga yaƙi, a buɗe wa Rasha hanya. Ranar 18 ga Maris jiragen ruwa suka gwada, nakiyoyi suka nutsar da manyan jiragen yaƙi uku na Ingila da Faransa. Aka koma ga sojan ƙasa ƙarƙashin Janar Ian Hamilton. Ranar 25 ga Afrilu suka sauka a gaɓar teku, suka tarar da tuddai masu tsauri da Turkawa a samansu, cikinsu har da wani hafsa mai suna Mustafa Kamal wanda daga baya duniya ta sani da Ataturk. A yinin farko kaɗai, 'yan Ostireliya da Niyuzilan wajen 2,000 ne aka kashe ko aka raunata.

A nan ne ɓarnar take, kuma a nan ya kamata a daɗe. An tsara yaƙin ne a kan zaton za a kutsa cikin ƙasa da sauri, a sami fili a bayan fagen daga a kafa asibitocin tanti. Hamilton ya wuce gaba da hafsoshin da ke tsara faɗa, ya bar masu kula da abinci da sufuri da lafiya a Iskandariyya. Babban jami'in lafiyar rundunar bai iso tsibirin Lemnos, inda ake shirin harin, ba sai kamar mako guda kafin ranar. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jiragen ruwa biyu kacal, Gascon da Sicilia, su ne cikakkun jiragen asibiti da ke wurin ranar saukar. Da aka kasa kutsawa, sojoji suka maƙale a ɗan siririn bakin teku da harsashi ke kaiwa ko'ina, babu inda za a ajiye mai rauni. Dole aka riƙa loda su a jiragen da suka kawo sojoji da dawakai da alfadarai, waɗanda aka laƙaba wa suna baƙaƙen jirage, don ba su da farin fenti da alamar da dokar yaƙi ta tanadar wa jirgin asibiti. Wasu ba a ko share su ba. Akwai jirgin da likitan dabbobi ne kaɗai ya tsaya a kan ɗaruruwan masu rauni.

Daga Galifoli zuwa Iskandariyya tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a teku, kwana biyu ko uku in an yi sa'a, wani lokaci fiye da haka idan jirgi ya tsaya jiran umarni. Sannan a sauke mutum, a sa shi a jirgin ƙasa, a yi wata tafiyar ta kilomita 200 da ɗoriya zuwa Alkahira. A tuna, a 1915 babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda muke saye a kemis yau. Sai a 1928 aka gano fenisilin, bai kuma wadata ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu. Raunin da ya kwana huɗu da bandeji ɗaya cikin zafi, ruɓewa yake yi. Da yawa daga waɗanda aka yanke wa ƙafa ko hannu a Alkahira, tafiyar ce ta ci gaɓar tasu.

Kafin Afrilu ya ƙare jiragen ƙasa sun fara sauke majinyata a Heliyofolis. Otal ya cika, manyan zaurukansa da barandojinsa duk gadaje. Aka faɗa Luna Park. Ɗakin sayar da tikiti ya koma ɗakin tiyata, aka jera gadaje na itacen dabino a filin da ake wasan sulɓi da takalma masu taya, har majinyata suka haura 1,000 a hannun nas-nas 'yan ƙalilan. Daga nan aka karɓi wata tsohuwar masana'anta da ake kira Atelier ta zama asibiti na biyu. A watan Yuni aka zo kan kulob ɗin wasanni.

Ginin kulob ɗin shi kansa ba wani babba ba ne, 'yan ɗaruruwan gadaje zai ɗauka. Abin da ya ja hankalin likitoci yana waje. Filin tanis daɓe ne shimfiɗaɗɗe, mai tauri, an auna shi, an share shi, ba rairayin da zai tashi ya shiga rauni. In ka kafa dirkoki ka ɗora rufi, ka sami doguwar rumfa da iska ke ratsawa ta kowane gefe. Haka aka yi, har wurin ya wuce gado 1,000. Kuma kulob yana da abubuwan da tantin da aka kafa a hamada ba shi da su. Akwai famfo da magudanar ruwa, akwai wuraren wanka da kewaye da aka gina don 'yan wasa, akwai kicin da ya saba dafa wa taro, akwai shinge da ƙofa ɗaya da za a tsare, abin da soja ke so ƙwarai don kada majinyacin da ya fara jin ƙarfi ya sulale cikin gari. Ga shi kuma maƙwabcin otal ne, likita zai iya takowa da ƙafa.

Maganar iska ba ƙaramar magana ba ce a wajen likitocin wancan zamani. Tun bayan yaƙin Kirimiya na shekarun 1850, inda Florence Nightingale ta ga cuta ta fi harsashi kisa a asibitin Sukutari da ke Istanbul, mai cunkoso da wari, aka yi imani da cewa ɗakin majinyata ya zama dogo, mai tagogi ta ɓangarori biyu, gado nesa da gado. Rumfar da aka kafa a filin tanis ta fi ɗakin otal mai labule da darduma kusa da wannan tsari. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ya ga yadda ake jan tabarma a koma baranda da daddare, zai gane hikimar. Alkahira a watan Yuni da Yuli zafinta kan kai maki 40.

Sai dai kada a ɗauka aljanna ce. Kewayen da aka gina don 'yan kulob ba zai ishi mutum 1,000 masu gudawa ba, kuma gudawar ce ta zo. Ranar 19 ga Mayu Turkawa suka kai wani babban hari a Galifoli, aka kashe musu wajen mutum 3,000, gawarwaki suka kwana biyar a rana tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, har aka tsagaita wuta ranar 24 don a binne su. Ƙudaje suka yi yawan da sai ka kore su daga loma kafin ta kai baki. Ruwan sha ma da jirgi ake kawo shi, balle na wanka. Atini da zazzaɓin hanji suka mamaye rundunar. An yi wa sojojin rigakafin taifot, amma allurar lokacin ba ta kare su daga danginsa da ake kira farataifot ba, sai a 1916 aka haɗa su a allura ɗaya. Daga tsakiyar shekara, waɗanda cuta ta kwantar sun fi waɗanda harsashi ya kwantar yawa. Da aka sake babban yunƙuri a watan Agusta, sabon ayarin masu rauni ya zo ya tarar da gadaje cike da masu zawo.

Don a fahimci aikin asibitin kulob ɗin, sai a dube shi kamar magudana. Otal ne babban asibiti, can ake tiyata mai nauyi, can ake ajiye wanda ke tsakanin rai da mutuwa. Amma in jirgin ƙasa zai iso gobe da mutum 300, dole a kwana da gado 300 babu kowa. To ina za a kai na yau? Wanda rauninsa bai yi tsanani ba, ko ya tsallake haɗari, sai a tura shi asibitocin taimako irin na kulob. In ya ƙara murmurewa a tura shi gidajen hutawa, kamar otal ɗin Al Hayat da ke Hulwan a kudancin Alkahira. Daga can hanya biyu ce. Wanda ya naƙasa a sa shi a jirgi ta Suwez ya koma gida. Wanda zai iya ɗaukar bindiga a mayar da shi Galifoli. Wannan ce gaskiyar da ke da nauyi a zuciya game da kowane asibitin soja. Nas ɗin da ke wanke wa yaro ɗan shekara 19 rauni da zuciya ɗaya take yi, tausayinta na gaske ne, amma tsarin da take ciki yana ƙirga ranar da yaron zai koma rami.

An faɗaɗa asibitin gado 520 ya zama na dubban gadaje a gine-gine daban-daban, ba tare da ma'aikata sun ƙaru daidai da haka ba, sai rigima ta ɓarke a cikin gida. Kwamandan asibitin, William Ramsay Smith, da shugabar nas-nas, Jane Bell, wadda ta baro babban asibitin Melbon, suka yi ta kai ruwa rana a kan wa ke da ikon rarraba nas-nas. Ita tana ganin ana watsa mata ƙalilan a wuraren da suka fi ƙarfinsu ba tare da shawararta ba. Aka yi bincike, aka mayar da su biyun Ostireliya a cikin shekarar. James Barrett, likitan ido da ya fi kowa tura maganar karɓar sababbin gine-gine, shi ma ya sha suka, daga baya ya bar rundunar Ostireliya ya koma ta Ingila. Ina ganin Jane Bell tana da gaskiya a kan nas-nas, Barrett kuma yana da gaskiya a kan gadaje, don da bai buɗe wuraren ba da a titi za a kwantar da mutane. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Waɗanda suka jefa su cikin wannan hali suna can sama da su.

Ba a Masar kaɗai aka yi haka ba. A Ingila, rumfar 'yan kulob ta filin kurket na Trent Bridge da ke Notingham ta karɓi majinyata fiye da 3,500 a tsawon yaƙin, ta Old Trafford da ke Mancesta wajen 1,800, filin sukuwar Caltinham kuma fiye da 3,000. Bambancin shi ne can mutanen gari ne ke jinyar 'ya'yansu, matan unguwa suna aikin sa kai ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta Red Cross. Sannan dukkansu, har da na Heliyofolis, suna nesa da bakin bindiga. Inda yaƙi ya iso ƙofar kulob, labari kan sauya. A Hong Kong a Disambar 1941 an mai da ginin kulob ɗin sukuwa asibiti, da sojojin Jafan suka shigo suka ci zarafin nas-nas a ciki, duk da cewa yarjejeniyoyin Janiba da Heg sun daɗe da haramta taɓa asibiti. Tuta a kan rufi ba ta aiki sai abokin gaba ya yarda ya girmama ta.

Akwai wani ɓangare da hotunan lokacin ba su cika nunawa ba, shi ne na Misrawa masu ƙasa. Lokacin da aka kafa dokar soja, Janar John Maxwell ya yi shelar cewa Ingila za ta ɗauki nauyin yaƙin ita kaɗai, ba za ta nemi taimakon mutanen Masar ba. Alkawarin bai shekara ba. Asibitin sojan Masar da ke Kubril Kubba aka miƙa wa 'yan Niyuzilan. Aka kafa rundunar leburori ta Misrawa, aka kai wasunsu Lemnos da Galifoli tun 1915 suna sauke kaya daga jirage, daga baya aka kai su Sina'i da Falasɗinu da Iraƙi da Faransa. Kafin yaƙi ya ƙare, dubban ɗaruruwan manoma sun ratsa ta wannan runduna da ta masu jan raƙuma, kuma a shekarun ƙarshe dagatai ne ke kamo su da ƙarfi don cike adadin da aka yanka wa kowane ƙauye. An karɓe raƙuma da jakuna da hatsi. Su ma sanyi da kwalara da zazzaɓi sun kashe su, kuma kulawar da suka samu ba ta kama ƙafar wadda aka ba farar fata ba. Manomin da ba zai shiga kulob ɗin Heliyofolis a lokacin zaman lafiya ba sai dai in share fili zai yi, a lokacin yaƙi ma ba don shi aka jera gadajen ba. Wannan ɓacin rai yana cikin abin da ya fashe a Maris na 1919, lokacin da Ingila ta kama Sa'ad Zaglul ta kai shi tsibirin Malta, ƙasar ta tashi tun daga birni har ƙauye.

Ban faɗi haka don rage wahalar yaran da suka kwanta a filin tanis ɗin ba. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne da leburori da akawuna, sun sa kansu soja ba su san inda Dardanel take ba. Ostireliya ta rasa fiye da mutum 8,000 a Galifoli, Niyuzilan fiye da 2,700, Turkawa kuwa sun binne fiye da 80,000 don kare ƙasarsu. A ƙarshe ba a kai Istanbul ba. Aka janye sojoji cikin dare, wasu a Disambar 1915, ragowar a farkon Janairun 1916, kuma janyewar ce kaɗai abin da aka tsara da kyau a duk yaƙin, don kusan ba a rasa rai ba.

Da jiragen majinyata suka daina zuwa, asibitocin taimako suka fara raguwa. A 1916 aka kwashe Babban Asibitin Ostireliya na 1 zuwa Faransa, inda babban faɗan ya koma, aka sauke shi a birnin Rouen, a filin sukuwar garin. Kulob ɗin Heliyofolis ya koma hannun masu tanis. Waɗanda suka cika a asibitocin Alkahira a 1915, da yawansu suna kwance a maƙabartar sojojin yaƙi da ke tsohuwar Alkahira, a can kudancin birni, kowane dutse da sunan mai shi da lambarsa da ranar da ya rasu.